Yadda ake dafa taliyar kori ta Prima Taste a gida

Wannan fa ba irin indomi ɗin da muka saba ba ce, daga Singafo take zuwa, kuma tsada gare ta, so kar ki ɓata ta da gaggawa.

Da farko ki juya ledar ki duba tambarin halal. Sai ki buɗe, za ki ga taliyar da ƙananan leda 2, ɗaya garin madarar kwakwa ɗaya kuma kori ne mai kauri kamar niƙaƙƙen tattasai da aka soya.

Ki auna ruwa rabin lita, ki auna fa, kar ki ce da ido. Ki zuba garin kwakwan tun ruwan bai yi zafi ba ki dama sosai, ni ranar farko sai da ya tafasa na zuba ai kuwa ya yi min gudaji kamar kunun da aka yi sakaci da shi. Sannan korin ya biyo baya, ki motsa har ya narke.

In ya tafasa ki saka taliyar ki rage wuta, minti 7. Eh bakwai, don ba soyayyar taliya ba ce, busar da ita aka yi shi ya sa take jan lokaci, kuma kar ki kakkarya ta.

Kar ki bari romon ya tsotse, ai shi kika saya. Magi ma ba ruwanki da shi, gishirin ciki ya isa.

Ki ɗora dafaffen ƙwai ko ragowar kazar jiya, ɗan lawashi a sama, ki ci da zafinta da cokali a gefe.