Yadda ake fatsa da koton roba mai wari in ka samu kanka bakin teku

Ƴan uwa masu sha'awar fatsa, musamman yaranmu na Sakkwato da neman kuɗi ya kai Legas ko Badagiri ko Kwatano, abin nan mai taushi da kuke gani ana cirowa daga kwalba ana soka ma ƙugiya ba tana ba ce, koto ne na kanti da anka yi da siffar jatan lande ko ɗan kifi ko tsutsa, anka jiƙa shi cikin ruwa mai warin abincin kifi. Wanda ya fi suna shi ne Gulp na kamfanin Berkley da ke Amurka, akwai kuma Fishbites da ke zuwa falle-falle kana yankawa da almakashi.

Abu guda nike so ka riƙe, koton ga da wari yake aiki, don haka gaggawa ba taka ba ce. Kifi na shaƙar abin da ya narke cikin ruwa ne, shi ya sa irin wanda warinshi ke narkewa ya fi wanda anka shafe da mai, mai dai sama yake tasowa ya bar kifin can ƙasa bai san ana yi ba. To in ka jefa sai ka bari darmar da ake ɗaura ma zare don nauyi ta kai shi ƙasa tukuna, ka ɗan ɗaga sanda kaɗan ka sake, ka dakata kamar mai jiran shayi ya huce, ka sake ɗagawa, a haka warin ke bin ruwa yana kiran kifi har inda kake. Mai jefawa ya jawo da gudu wallahi kuɗinshi kawai yake wankewa.

Wajen sokawa, shigar da bakin ƙugiya ta tsakiyar kan koton ka tura shi ya miƙe sambal, tsinin ya fito ta baya a fili. In ya lanƙwashe juyi zai riƙa yi cikin ruwa yana murɗe maka zare kuma kifi ba ya kula shi. Darma kuwa daidai ƙarfin ruwa, wadda za ta taɓa ƙasa ba tare da ta nutse cikin laka ba.

Teku ba kamar gulbin Rima ba ne da sai damina yake cika, shi kullum yana hawa yana sauka sau 2 a kwana ɗaya, kuma lokacin da ruwan ke tafiya shi ne lokacinka, in ya tsaya cak warin ma ba ya zuwa ko'ina. Tambayi masuntan wurin yaushe ruwa ke shigowa, sun fi agogo sani. A ruwa mai duhu irin na bakin tafkin Legas koto fari ko mai launin ruwan ɗorawa mai haske ya fi, ruwa garau kuma sai mai kalar jatan lande na gaske. Barakuda, wani dogon kifin teku mai kaifin haƙora, ita da ido take farauta ba da hanci ba, ƙarfe mai ƙyalli da ake ja da sauri ya fi mata, kuma sai ka sa waya gaban ƙugiya don haƙoranta na datse zare nan take.

Sai ajiya, nan ne mutanenmu ke asara. Irin su Gulp ruwa ne a jikinsu, in ka bar shi kan ƙugiya ka tafi sallar azahar kafin ka dawo ya ƙanƙance ya bushe ƙamas, wani lokaci sai da wuƙa za ka ɓamɓare shi. Da ka gama cire shi ka maida cikin ruwanshi ka ɗaure murfi tam, zai sake shan wari. Kada ka haɗa shi leda guda da koton roba na gama-gari, kada kuma hannun da ya taɓa fetur ko man shafawa ya taɓa shi. Ƙugiya da injin naɗe zare a ɗauraye su da ruwan famfo duk ranar da sunka shiga teku, gishiri ba ya da wasa wajen tsatsa.

In ka taho da ragowa gida za ka iya gwadawa a dam ɗin Goronyo ko tafkin Kware, tarwaɗa da ƙurungu da gashin bakinsu suke laluben abinci cikin laka, wari na jan su sosai. Amma ni dai a ganina a ruwanmu hanjin kaza da tana ba su da na biyu wajen araha, na kanti amfaninshi shi ne ba ya ruɓewa a hanya. Sai dai zafin Afrilu na Sakkwato da ke wuce digiri 40 ba ya raga mashi, kada ka bar kwalbar cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin sit ɗin mashin, nemi inuwa kusa da randa ka aje ta tsaye don ruwan na yoyo kuma warinshi ba ya fita daga riga da sauƙi.