Kafin ka sayi sitirima, gwada tsohuwar kwamfutarka

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko su sayi sitirima (na'urar da ke ɗauko kiɗa daga intanet ta aika wa amfilifaya) irin WiiM ko Bluesound Node, ko su ci gaba da jin kiɗa ta kwamfuta, ga abin da na gani.

In kana da laftof a ajiye, fara sayen ƙaramin DAC na USB (na'urar da ke juya kiɗan dijital zuwa siginar da amfilifaya ke karɓa) ka haɗa da amfilifaya. Sa manhajar kunna kiɗa ta foobar2000, kyauta ce, ka kunna WASAPI exclusive (saitin da ke ba ta DAC ɗin ita kaɗai) don kada Windows ta cakuɗa kiɗan da ƙarar saƙonni. Sautin zai ba ka mamaki.

Matsalar da na sha ita ce wani zuuu a lasifika duk lokacin da caja ke jone. Na cire caja, shiru. Ga fanka da ke hura iska tsakar dare, ga sabunta manhaja ana tsaka da waƙa.

Sitirima ba ta da wannan rigimar, kuma ba ta cin wuta sosai, inbata ma za ta ɗauke ta. Daga waya kake sarrafa ta, har yara sun iya. Amma fa tana son intanet mai ƙarfi, kuma ingancin CD na shan data, ɗaruruwan megabait a awa guda. In waƙoƙinka FLAC ne (fayilolin kiɗa marasa rage inganci) a hard disk ɗinka, ni dai kwamfuta zan riƙe.