Kurakuran da aka fi yi wajen tsayar da katamaran a matsattsen wuri idan ana iska

Katamaran jirgin ruwa ne mai gangar jiki biyu da aka haɗa da daɓe guda a sama, kuma manyansa suna da inji biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Mai tsawon mita 12 yakan kusa mita 7 a faɗi, amma abin da ya nutse a ruwa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan jikin da iska ke duka yana da yawa, wanda ke riƙe da ruwa kuwa kaɗan ne, shi ya sa yake zamewa gefe da zarar an rage gudu. Mazaunin Abuja da ya koyi tuƙi da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya a Tafkin Jabi, hannunsa kuma ya saba da mota, yakan ɗauko ɗabi'un da ba su dace da wannan jirgi ba.

Babban kuskure shi ne dogara da sitiyari. Filafilin da sitiyari ke sarrafawa domin juya jirgi a ƙarƙashin ruwa ba ya cin aiki sai ruwa na gudu a kansa, don haka a lokacin da aka sassauta domin matsowa dandamalin tasha da ake ɗaure jirgi, murɗa sitiyari wahalar banza ce. Gyaran shi ne a miƙar da sitiyarin, a kulle shi ko a riƙe shi tsaf, a mayar da hannu kan sandunan giya biyu. Idan aka sa injin dama gaba, na hagu a ribas, jirgin zai juya hagu a inda yake tsaye, kamar yadda katafila ke juyawa a kan sarƙoƙinta. Riƙe sitiyarin yana da wani dalili kuma: a ribas ruwa kan fizge filafilin ya buga shi gefe, jirgin ya karkace ba tare da matuƙi ya san dalili ba.

Na biye masa shi ne shigowa ba tare da an karanta iska ba. Kafin a kusanci dandamali, ya kamata a tsaya a sarari, a sa injinan a firi, a ga inda jirgin ke zamewa da kuma saurinsa; tuta, rassan bishiya da motsin saman ruwa duk suna nuna haka. A Abuja iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma ana iya shirya mata. Wadda ta fi haɗari ita ce guguwar da ke gaban hadari a farkon damina, domin cikin 'yan mintoci take tasowa. Idan saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura jirgi da shi yana ninka huɗu, saboda haka wanda ya ga gabas ta yi baƙi, gara ya jira a tsakiyar ruwa har ta lafa.

Idan iskar tana tura jirgi zuwa dandamali, ba a buƙatar wata jarumta: a daidaita jirgin da dandamalin da ɗan tazara, a bar iska ta kawo shi a hankali. Wuyar tana inda iska ke kore shi daga dandamalin, kuma a nan ne matuƙa da yawa ke ƙara wuta su shigo da goshi, iska ta kwashe goshin kafin a jefa igiya. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a zo da baya, a kawo kusurwar bayan jirgin kusa da turke, a ɗaura igiya guda, sa'an nan a sa injin da ke nesa da dandamali gaba kaɗan-kaɗan. Igiyar ta riƙe baya, injin kuma ya lanƙwaso goshi har jirgin ya kwanta a jikin dandamalin.

Jirgi ba shi da birki, kuma taka totur da ƙarfi a matsattsen wuri yakan haifar da gudun da sai an nemi wani ƙarfin a kashe shi. A riƙa sa giya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a mayar firi, a duba abin da ya faru. Sai dai rarrafe fiye da kima shi ma kuskure ne idan iskar gefe na da ƙarfi, domin kowace daƙiƙa ta ƙarin jinkiri zamewa ce.

Saura shirin mutane. Mazaunin matuƙi yakan kasance a ɓangare ɗaya, ba ya hango kusurwar da ke can ɗaya gefen, don haka a tsayar da mutum a wurin yana nuna tazara da yatsu, tunda ƙarar inji da iska suna haɗiye murya. A rataye robobin kariya daidai tsayin dandamalin tun daga nesa, a naɗe igiyoyi kada wata ta faɗa ruwa farfela ta nannaɗe ta, domin katamaran da ya rasa inji ɗaya a cikin iska da ƙyar yake juyuwa. Kowa ya sa rigar kariya, kada kowa ya yi tsalle zuwa dandamali, kada kuma a tare jirgi da hannu ko ƙafa. In matuƙi ya ga shigowar ta ɓaci, ya sanar da mutanensa, ya ja da baya zuwa sarari, ya sake daidaitawa.