Kafin ka haɗa wa gwarzonka aji biyu a Dungeons & Dragons

A wannan wasan tebur na labari da jifan ɗan ludo, aji shi ne sana'ar gwarzon da kake wasa da shi, kamar mayaƙi ko mai sihiri. Haɗa aji shi ne gwarzonka ya samu sabon mataki, ka zuba shi a wani aji dabam da wanda ya fara da shi: Mayaƙi ya ɗauki mataki biyu na Walok, ko Wizad ya tsoma ƙafa cikin Kilarik. Bayanin nan ya ginu ne a kan bugu na biyar, dokokin 2014. A can ba a haɗa aji sai jagoran wasa ya yarda, don haka shi za ka fara tuntuɓa. Ka kuma tambaye shi a wane mataki labarin zai ƙare. Tsarin da ba zai kankama ba sai a mataki na 14 ba shi da amfani a teburin da za a tashi a na 8.

Daga nan ka duba ko doka ta ba ka dama. Dole ka sami maki 13 a babbar siffar ajin da kake ciki, da kuma ta wanda za ka shiga. Wizad yana son Basira, Kilarik yana son Hikima, Sosara da Walok suna son Kwarjini, Rog kuma Zafin Nama. Mayaƙi ya isa da Ƙarfi ko Zafin Nama, amma Paladin sai an haɗa Ƙarfi da Kwarjini duka. Idan da maki 27 ake sayen siffofi a teburinku, kai siffa ɗaya zuwa 13 yana cin maki 5, kuma +1 kawai za ta ƙara maka a kan jifa. Paladin da ke son zama Wizad zai raba makinsa a kan siffofi uku, ga Juriya tana jira, sai ya tashi babu inda ya yi ƙarfi. Shi ya sa Paladin ya fi jituwa da Sosara ko Walok: Kwarjini ɗaya ne ke ɗauke da su.

Ainihin farashin haɗa aji jinkiri ne, kuma a mataki na 5 ya fi ciwo. A nan ne Mayaƙi, Babariyan, Paladin, Ranja da Monk suke samun hari na biyu a kowane zagaye, masu sihiri kuma suke buɗe sihirin daraja ta uku, irin su Ƙwallon Wuta mai lahani 8d6 (wato jimillar jifan ɗan ludo mai fuska shida guda takwas). Matakin aji ake ƙirgawa a nan, ba jimillar matakan gwarzo ba. Ɗauki misalin mutum biyu da suka kai mataki na 5 tare. Na farko Mayaƙi ne zalla: yana sara sau biyu, kuma ƙarin makin da ya samu a mataki na 4 ya kai siffarsa 18, kowane sara 1d8+4, wato kusan 8.5 idan ya samu. Na biyu ya yi Mayaƙi 3 da Rog 2: sara ɗaya gare shi, bai taɓa samun ƙarin maki ba, abin da ya ƙaru da shi a lahani shi ne harin sane na Rog mai 1d6, kusan 3.5, shi ma sai sharuɗɗansa sun cika. Zai yi wasanni da yawa yana kallon abokinsa yana fin shi lahani nesa ba kusa ba. Saboda haka, in ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ka kai ajinka na farko mataki na 5 tukuna.

Ƙarin makin siffofi shi ma matakin aji yake bi: 4, 8, 12, 16 da 19, Mayaƙi yana da ƙari a 6 da 14, Rog a 10. Wanda ya tsaya a mataki na 3 na wani aji ya ja duk ƙarin da ke gabansa baya da mataki uku. Abubuwa biyu ne suke bin jimillar matakai: makin ƙwarewa, wanda ke tashi daga +2 zuwa +3 a mataki na 5, da ƙananan sihirin da ba sa cin gurbi (gurbi shi ne damar yin sihiri da ke ƙarewa idan an yi amfani da ita), masu ƙara ƙarfi a 5, 11 da 17. Wannan ne sirrin farin jinin mataki biyu na Walok: harbinsa mai 1d10 yana zama biyu a mataki na 5 ko da sauran matakan duk na wani aji ne, kuma ana iya ɗora makin Kwarjini a kan kowane harbi.

Lissafin guraben sihiri shi ne inda aka fi ruɗewa. Ana haɗa matakan Wizad, Kilarik, Sosara da sauran cikakkun masu sihiri gaba ɗaya, a ƙara rabin matakan Paladin ko Ranja, a zubar da ragowa, sannan a duba jadawalin gurabe. Amma sihirin da ka iya, kowane aji da nasa lissafin. Wizad 3 da Kilarik 3 yana da guraben mataki na 6, har da uku na daraja ta uku, alhali bai san sihiri ko ɗaya na wannan darajar ba. Sai dai ya zuba ƙananan sihirinsa a manyan gurabe. Raba matakai daidai wa daida tsakanin masu sihiri biyu shi ne taura biyu da ba ta taunuwa. Guraben Walok kuwa ba sa shiga wannan lissafin, nasu dabam ne, suna dawowa bayan gajeren hutu.

Ajin da ka fara da shi yana da tasirin da ba ya gyaruwa daga baya. Daga gare shi kaɗai kake samun ƙwarewar jifan tsira (jifan da ake yi don kauce wa illa) da cikakken makin rai na matakin farko. Wanda ya fara da Mayaƙi sannan ya koma Wizad yana da rai 10 maimakon 6, yana da sulke mai nauyi, kuma ya ƙware a jifan Juriya, wanda da shi ake riƙe sihiri idan an sha duka: sai an kai 10 ko rabin lahanin da aka sha, duk wanda ya fi yawa. Wanda ya fara da Wizad ya shiga Mayaƙi daga baya zai sami garkuwa da matsakaicin sulke ne kawai, babu mai nauyi, babu jifan Juriya. Ko mai sulken ƙarfen ma ya tuna cewa cikakkensa yana son Ƙarfi 15, in babu, tafiya ta ragu da ƙafa 10. Haka Rog: fara da shi yana ba da ƙwarewa huɗu, shigarsa daga baya ɗaya.

Akwai kuma baiwar da ba ta taruwa. Harin biyu na Mayaƙi da na Paladin ba sa zama uku, don haka mataki na 5 a aji na biyu na masu takobi kusan fanko ne. Babariyan da ke cikin fushi ba ya iya yin sihiri ko riƙe shi. Kariyar marasa sulke ta Monk da ta Babariyan, ɗaya ce za ka samu.

Hanyar yanke shawara ita ce takarda da biro. Ja layi biyu, ka rubuta matakai uku masu zuwa: a dama abin da za ka samu idan ka zauna a ajinka, a hagu abin da za ka samu idan ka fita. Sannan ka faɗi abin da kake nema da sunansa, kamar ƙarin aiki ɗaya, sau ɗaya kafin a huta, da Mayaƙi ke samu a mataki na 2, ko guduwa da ɓuya da ƙaramin aiki da Rog ke samu a na 2. Idan sulke ko jifan Juriya kawai kake so, duba jerin baiwar da ake musanya ƙarin maki da ita, wataƙila ta biya buƙata ba tare da jinkirta komai ba. Idan kuma labari ne ya ja ka, misali gwarzonka ya ƙulla alkawari da wani mai iko, dalili ne mai kyau ƙwarai, ka ɗauki mataki ɗaya ko biyu ka koma ajinka. Daga cikin matakai 20 da gwarzo ke iya kaiwa, Wizad yana buƙatar mataki 17 a ajinsa kafin ya kai sihirin daraja ta tara, don haka uku ne iyakar abin da zai iya bayarwa.

Idan teburinku yana bin dokokin 2024, ka sake lissafi: kowane aji yana zaɓar reshensa, wato fannin da zai bi a cikin ajin, ne a mataki na 3, don haka mataki ɗaya na Kilarik ko Walok bai ƙara zuwa da baiwar reshe kamar da ba.