Yadda Ake Zuba Kalsiyam da Alkaliniti a Tankin Murjani

Murjani mai ƙashi, halittar teku da ake kiwo a tankin ruwan gishiri, yana gina jikinsa ne da kalsiyam kabonet, kuma daga ruwan da yake ciki yake ɗibar kayan ginin. A teku ba a ganin giɓin abin da ya ɗiba, amma a tankin gilashi mai lita ɗari biyu ko uku, kwana kaɗan sun isa ruwan ya fara talaucewa. Ba murjani kaɗai ke ci ba. Gansakukar nan mai tauri, ruwan hoda ko shunayya, da ke mamaye duwatsu da gilashi tana ci, manyan kawa irin Tridacna suna ci, haka ma ciyawar Halimeda. Aikinka shi ne ka mayar da abin da aka cinye, daidai gwargwado, kullum.

Ruwan teku na asali yana da kalsiyam wajen 420 ppm (kashi cikin miliyan), alkaliniti (wato yawan kabonet da baikabonet da ke cikin ruwa, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH) wajen 7 dKH, magnesiyam wajen 1,290 ppm, gishiri kuma 35 ppt (kashi cikin dubu). A tanki, kalsiyam tsakanin 380 da 450, alkaliniti tsakanin 7 da 11, magnesiyam tsakanin 1,250 da 1,350 duk suna da kyau. Ga mai farawa, 8 dKH wuri ne mai daɗin zama, domin akwai sarari sama da ƙasa idan aka yi kuskure. Wasu kayan gwajin da meq/L suke ba da sakamako. 1 meq/L daidai yake da 2.8 dKH.

Alkaliniti za ka sa wa ido

Duk lokacin da murjani ya cinye 1 dKH na alkaliniti, yakan cinye kalsiyam kusan 7 ppm tare da shi. Wannan rabon ba ya sauyawa sosai, kuma a kansa komai ya dogara. Duba abin da yake nufi: idan tanki yana cin rabin dKH a rana, ya rasa kusan kashi 6 cikin ɗari na alkalinitinsa, alhali kalsiyam ɗin da ya tafi 3.5 ppm ne daga cikin 420, ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Kayan gwajin kalsiyam na gida ba sa iya ganin irin wannan ɗan bambanci. Kuskuren hannunka wajen ɗiga maganin gwaji ma ya fi shi yawa. Shi ya sa wanda yake bin lambar kalsiyam kullum yana ƙara wannan yana rage wancan, wahalar da kansa kawai yake yi. Ka auna alkaliniti, ka lissafa abin da ake ci, sannan ka ba da kalsiyam daidai da shi. Gwajin kalsiyam sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar, don tabbatarwa.

Kafin ka zuba komai, duba gishirin ruwan da rifraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa, da aka daidaita da ruwan gwaji na 35 ppt. Idan gishirin ya sauka zuwa 32, kalsiyam zai nuna wajen 385, magnesiyam wajen 1,180, ba don wani abu ya cinye su ba, sai don ruwan ya tsinke. Gyara gishirin, lambobin su koma da kansu. Bayan haka ka duba magnesiyam, domin shi ne yake hana kalsiyam da kabonet haɗuwa su daskare a banza. Idan ya yi ƙasa sosai, za ka yi ta zubawa lambobin ba sa hawa.

Sai ka san ainihin yawan ruwanka. Lambar da ke jikin kwalin tanki ba ita ba ce. Cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, ka ƙara ruwan ƙaramin tankin ƙasa inda famfo da matattara suke. Gara ka ƙiyasta ƙasa da gaskiya a kan ka zarce, saboda ƙarancin magani ya fi yawansa sauƙin gyara.

Auna abin da tankin ke ci

Dakatar da duk wani ƙari, kada kuma ka canza ruwa. Auna alkaliniti yau, ka rubuta lambar da lokacin. Bayan sa'o'i 48, a daidai wannan lokacin, ka sake aunawa da kayan gwaji iri ɗaya. A ce ruwanka lita 250 ne, ka samu 8.5 da farko, sannan 7.5. Tankin yana cin 0.5 dKH a rana ke nan. Idan tankin cike yake da Acropora, murjani masu rassa da saurin girma, kwana ɗaya ya isa, kada ka bari ya faɗi ƙasa da 7 don neman lamba.

Wajen gwajin, ka wanke kwalbar da ruwan tankin, ka ɗebi ruwan da sirinji har daidai layi, ka riƙa juya kwalbar bayan kowane ɗigo, ka duba sauyin launi a kan farar takarda a wuri mai haske. Idan sakamakon ya ba ka mamaki, maimaita kafin ka taɓa tankin. Sau da yawa maganin gwajin ne ya tsufa.

Haɗa ruwan magani kashi biyu

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin tankuna: kwalba ɗaya ta alkaliniti, ɗaya ta kalsiyam, ana zuba su daidai wa daida. Akwai haɗaɗɗu na sayarwa, kuma idan su ka saya, bi lissafin da ke jikinsu. Mai son haɗa nasa yana buƙatar sikelin da ke auna giram, tataccen ruwan RO/DI (wanda matattara ta cire wa gishiri da sinadarai), da jarkoki biyu masu murfi da aka rubuta wa suna.

Na alkaliniti: giram 100 na sodiyam kabonet, ka narkar a ruwa ka cika shi lita ɗaya. Mililita 10 na wannan a lita 100 na ruwan tanki yana ƙara kusan 0.53 dKH. Idan ba ka samu sodiyam kabonet ba, baza bekin soda a faranti ka gasa a oben a zafin digiri 150 na Salshiyas na sa'a ɗaya ko fiye. Ruwa da iskar CO2 za su fita, nauyin ya ragu. Giram 160 zai dawo kusan 100, kuma wannan raguwar ce shaidar ya gasu. A kula, bekin soda ake nufi, wato sodiyam baikabonet zalla. Bekin foda na yin kek yana da sitaci da wasu sinadarai, galibi har da fosfet, kuma ba shi da wuri a tanki.

Na kalsiyam: giram 139 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu a jikinsa, wanda ake rubutawa CaCl2·2H2O, a cika lita ɗaya. Idan busasshen ne marar ruwa, giram 105 ya isa, domin ya fi ƙarfi. Garin ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan gari ba, don yana ɗaukar zafi idan yana narkewa, musamman busasshen.

A tankinmu na misali mai lita 250 da ke cin 0.5 dKH, lissafin ya ba da mililita 24 na alkaliniti a rana. Mililita 24 na kalsiyam kuma yana mayar da kusan 3.6 ppm, daidai abin da aka ci.

Sodiyam kabonet yana ɗaga pH (ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru), wanda alheri ne ga tankin da ke zama a 7.8 ko 7.9. Idan naka yana kai 8.3 ko sama da rana, yi amfani da bekin soda ɗanye: giram 80 a lita ɗaya, domin ba ya narkewa sosai fiye da haka, abokin tafiyarsa kuma giram 70 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu. Ƙarfinsa rabin na farko ne, don haka za ka ninka abin da kake zubawa.

Zubawa

Kada kwalaben biyu su haɗu, ko a kofi, ko a sirinji, ko a wuri ɗaya cikin tanki a lokaci ɗaya. Suna haɗuwa za ka ga ruwan ya yi fari kamar madara. Alli ne ya fito, kuma murjani ba zai amfana da shi ba. Zuba a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, nesa da murjani da bakin famfo da hita, ka bar aƙalla minti 15 zuwa 30 tsakanin ɗaya da ɗaya. Ɗan farin hayaƙin da ke tashi a inda sodiyam kabonet ya faɗa, ya kuma watse cikin daƙiƙu, ba abin damuwa ba ne. Wanda ya ƙi watsewa shi ne matsala, alamar ka zuba da sauri ko ruwan wurin ba ya motsi.

Raba adadin yini gida-gida ya fi zubawa gaba ɗaya. Da hannu, safe da dare ya yi. Da famfon ɗigo, raba shi gida 12 ko 24, kuma idan za ka iya, ka karkatar da mafi yawan alkaliniti zuwa dare da asuba, lokacin da pH yake ƙasa saboda an kashe fitilu. Kafin ka amince da famfo, sa shi ya zuba mililita 10 a sirinji ko kofin awo ka gani da idonka, ka kuma maimaita duk bayan wata biyu ko uku, saboda robar cikinsa tana saki. Bakin tiyon ya tsaya sama da ruwa, kada ya nutse: zai toshe da alli, ko ya zuƙo ruwan tanki ya koma jarka. Kada kuma ka cika jarka da maganin wata shida. Ranar da famfo ya maƙale a kunne, abin da ke cikin jarkar duka tanki zai sha.

Mako na farko ka auna alkaliniti kullum a lokaci ɗaya. Idan yana sauka, ƙara kashi 10 cikin ɗari a duka biyun. Idan yana hawa, rage haka, ka jira kwana biyu kafin ka sake taɓawa. Da ya tsaya, gwaji sau biyu a mako ya isa. Buƙatar za ta riƙa ƙaruwa yadda murjani ke girma. Idan kuwa ta ragu kwatsam, je ka duba murjanin, domin wani abu ya hana shi gini.

Idan ɗaya ya yi ƙasa shi kaɗai

Gyara daban yake da abincin kullum. A ce alkaliniti yana 8 amma kalsiyam yana 360, kana son 420. Giɓin 60 ppm a lita 250 giram 15 ne na kalsiyam, wato kusan mililita 400 na ruwan kalsiyam mai giram 139 da ka haɗa. Raba shi kwana uku, a kan adadin kullum, ba tare da ka ƙara alkaliniti ba. Shi kuwa alkaliniti, kada ka ɗaga shi fiye da 1 dKH a rana. Giram 3 na bekin soda a lita 100 shi ne 1 dKH. Murjani yana jure zama a 7 ko a 10, abin da ba ya jurewa shi ne tsalle daga wannan zuwa wancan a yini ɗaya. Haka ma ruwan canji: wasu gishirin suna haɗuwa a 11 ko 12 dKH, don haka auna sabon ruwan kafin ka juye shi a tankin da ke 7.5.

Magnesiyam ba a cinsa da yawa. Ƙara 50 ppm a lita 250 yana cin kusan giram 105 na magnesiyam kulorayid mai ruwa shida. Idan ka haɗa da gishirin Epsom, wato magnesiyam salfet, ajiye shi a jarkarsa daban, domin salfet ɗinsa yana daskarewa da kalsiyam mai kauri.

Akwai bashin da wannan hanya ta magani kashi biyu ke tarawa. Kalsiyam da kabonet suna shiga ƙashin murjani, sodiyam da kulorayid su rage a ruwa, wato gishiri. A misalinmu kusan giram 80 ne a wata, abin da zai ɗaga gishirin da wajen 0.3 ppt. Duba rifraktomita duk wata, ka ɗebe ɗan ruwan tanki ka maye da tataccen ruwa, ka kuma ci gaba da canjin ruwa yadda ka saba.

Kalkwasa

Sunan Jamusanci ne na ruwan kalsiyam haidiroksayid. Kusan giram 1.5 kawai ke narkewa a lita ɗaya, kuma yana ba da kalsiyam da alkaliniti tare a daidai rabon da murjani ke so, ba ya barin gishiri. Lita ɗaya a lita 100 na tanki tana ƙara kusan 1.1 dKH da 8 ppm. A dama, a rufe, a bar shi ya kwanta, a ɗebi garau ɗin da ke tsakanin ɓawon sama da lakar ƙasa. Da shi ake maye ruwan da ya ƙafe, kuma nan iyakarsa take: ba za ka zuba fiye da abin da ya ƙafe ba. pH ɗinsa ya haura 12, saboda haka ɗigo-ɗigo ake ba da shi, da safar hannu, a kuma kiyaye ido da shaƙar garin. Babban tanki mai ci sosai yakan koma ga riyakta, wadda ke narkar da tsakuwar murjani da CO2, amma wannan sai an ƙware.

Alamomin an zarce

Farin ɓawo a jikin hita, famfo da ke tsayawa, yashi da ya dunƙule kamar siminti, duk suna nuna alli na daskarewa a banza: alkaliniti ko pH ya yi yawa, ko magnesiyam ya yi ƙasa. A irin wannan hali, wanda ya ga lamba tana sauka ya ƙara magani, ƙara wa wutar itace yake yi. Rage zubawa na kwana biyu, jiƙa famfon a ruwan khal ya narkar da ɓawon, sannan ka dawo da ƙaramin adadi. Kan rassan Acropora da ya yi fari tas nama ya janye yakan bayyana idan alkaliniti ya yi sama alhali naitiret da fosfet, sinadaran da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, sun kusa sifili. Irin wannan tanki a riƙe shi tsakanin 7 da 8. Kuma kada ka bi ƙarancin pH da garin alkaliniti. Galibi CO2 na ɗakin ne ya yi yawa, buɗe taga ko jawo iskar waje zuwa injin kumfa mai cire dattin ruwa shi ne magani.

Idan tankin duka ya yi fari bayan famfo ya zarce, kashe duk zubawa, ka bar famfunan motsa ruwa a kunne, ka auna pH. Gwajin alkaliniti a wannan ruwan zai yi maka ƙarya, domin ƙwayoyin allin suna narkewa cikin asid ɗin gwajin su ba da lamba mai yawa. Tace samfurin ko ka jira ya washe. Idan pH ya wuce 8.6, canza wani ɓangare na ruwan da sabo mai gishiri da zafi iri ɗaya. Bayan ya washe, sau da yawa za ka tarar alkaliniti da kalsiyam duka sun faɗi ƙasa da inda suke da, sai ka ɗaga su a hankali, 1 dKH a rana.