Yadda ake tuƙa keke a tuddan Zuru ba tare da an sauka ana turawa ba

Duk wanda ya koyi keke a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya koya, kuma ranar da aiki ko karatu ya kawo shi Zuru sai ya sake sabon koyo. Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan a 2020 nake ganin samari da kekunan gwanjo masu giya, kyawawa, amma a tsakiyar hawa sai ka tarar da mutum ya sauka yana turawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ƙarfi yana da shi, dabarar ce babu.

Ka fara gane ƙasar. Duwatsu sun kewaye mu, kuma a kansu kakannin Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suka zauna kafin a sauko fili. Kwalta ba ta hawa kan dutsen, tsakaninsu take ratsawa. Saboda haka ba doguwar hawa guda za ka tarar ba. Gangara ce zuwa rafi, ka tsallake gada ko kwalbati, ka hau tudu, ka sake gangarawa, haka har ka isa. Kowane tudu shi kaɗai ba komai ba ne. Yawansu ke cinye mutum.

Kafin maganar keke akwai maganar tsaro, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙasar Zuru, wato ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Ni dai ba na ɗaukar keke in nufi wajen Ribah ko Wasagu ko Bena ko Maga don motsa jiki, kuma ban ba kowa shawarar ya yi ba. Ko hanyar da ka saba, daren da za ka fita ka leƙa tasha ka tambayi direbobi da 'yan kabu-kabu, su ne ke da labarin yau. Ku fita ku biyu ko uku, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa, katin shaida na aljihu. In kun zo shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa-kai, ku rage gudu tun daga nesa, ku cire baƙin tabarau, ku yi sallama. Mutum cikin hular kwano da matsattsun kaya baƙon abu ne a ƙauye, gaisuwa ce ke kwantar da hankalin mutane.

Sabon shiga ya fara da Zuru zuwa Dabai ya dawo. Kusa ne, akwai mutane da masu faci a hanya, kuma ya isa ya nuna maka matsayin ƙafarka. In ka yi makonni kana dawowa da sauran ƙarfi, sai ka riƙa zarcewa kan hanyar Mahuta kaɗan-kaɗan, kana ƙara nisa duk mako. Daga Dabai zuwa Koko, inda hanyar ta ƙare, ya haura kilomita 80, wannan ba tafiyar safiya ɗaya ba ce ga mai koyo. Akwai kuma hanyar kudu mai zuwa Rijau a Jihar Neja, ita ce ke kai mutum Kontagora. Manyan motoci na bin ta, don haka ka riƙe gefenka sosai. Duk wadda ka zaɓa, ka guji ranar kasuwar garin da ke gabanka. Babura ɗauke da buhunan dawa da motoci maƙare da kaya ba su da lokacin kauce wa mai keke.

Yanzu keken. Daidaita sirdi tukuna: hau, ɗora dundunniya kan feda a ƙasa, ƙafarka ta miƙe ɗoɗar. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to nan ne daidai. Yawancin yaranmu sirdinsu ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa gwiwa ke ciwo bayan hawa biyu. Taya kuma, siririya mai faɗin milimita 23 ta kwaltar Turai ce. A nan ka nemi 28 ko 32 in keken zai ɗauka, don ramuka da tsakuwa, kuma kada ka cika mata iska har ta zama dutse.

Giya ita ce komai a hawa. Ƙirga haƙoran farantan da sarƙa ke hawa: ƙaramin faranti na gaba in yana da 34, babba na baya yana da 28 zuwa 32, babu tudun kwaltar da zai sauke ka a yankin nan. Mai Phoenix ko tsohon Raleigh marar giya ma kada ya ce an bar shi a baya. Je wurin mai gyaran keke ya sauya maka firiwil ɗin baya da mai haƙora 22, ya ƙara wa sarƙa tsawo. Za ka rasa ɗan gudu a fili, amma za ka hau abin da da can turawa kake yi. Tsofaffin da ke kai itace da hatsi kasuwa sun daɗe da sanin wannan.

Ga yadda ake cin tudu. Ka sauya giya tun kafin ƙafa ta yi nauyi. In ka jira har kana danna feda da dukan ƙarfinka sannan ka sauya, sarƙa za ta yi ƙara, ta zame, wani lokaci ta tsinke. Sassauta ƙafa na ɗan lokaci, sauya, ci gaba. Ka bar ƙafa tana juyawa da sauƙi, kamar sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya. Duba agogo ka ƙirga sau ɗaya, daga nan jikinka zai riƙe. Kashi ɗaya cikin uku na farkon tudun ka tafi a hankali har ka ji kamar kana wasa. Ma'aunina shi ne magana: in ba ka iya amsa wa abokin tafiyarka da cikakkiyar jimla, ka wuce gona da iri, koma giya mai sauƙi. Zauna kan sirdi, hannu a sake, kafaɗa a sake. Miƙewa tsaye kan feda na da amfani a ɗan gajeren wuri mai tsauri ko don huta da baya, amma yana cin numfashi. Kuma kada ka daina tuƙi da ka ga ƙarshen tudu. Ƙara juyi goma ka haye gaba ɗaya, sannan ka huta a gangara.

Gangarar ce ma nake jin tsoro fiye da hawa. A hawa gajiya kawai za ka yi, a gangara kuwa ƙashi ke karyewa. Ja jikinka baya kan sirdi, yatsu a kan birki tun daga sama. Birkin gaba shi ke tsayar da keke da gaske, na baya taimako yake, amma in ka damƙe na gaba farat ɗaya za ka wuntsila ta kan keken. Matsa su tare, a hankali, ka saki, ka sake matsawa, don kada wili ya yi zafi. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, kuma fedar da ke ɓangaren waje ta kasance a ƙasa. A gindin gangara, daidai bakin gada, nan ruwan damina ke tara yashi kan kwalta, nan shanu ke tsallakawa zuwa ruwa, nan ne kuma gudunka ya fi yawa. Kusa da ƙauyuka mutane kan yi tudun rage gudu da ƙasa ko kututture, ba fenti ba alama. In wili ya jiƙe, musamman na ƙarfe, birki ba ya kamawa da wuri, sai ka ninka tazarar da ka saba bari.

Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba, da gari ya waye har kana iya ganin rami. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi daɗi: an yi girbi, ana hango duwatsu ta tsakanin kaɗanya da ɗorawa, ga kuma sanyi. Sai dai ranar da hazo ya yi kauri direba ba ya ganinka, sa riga mai haske da fitilar baya mai ƙyaftawa. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ƙarfe tara ta same ka a gida.

Ruwa, ledar fiyawata ɗaya rabin lita ce. Ka lissafa aƙalla ɗaya duk awa, biyu in da zafi, kana kurɓa tun ƙishi bai zo ba. Na ga masu sayen garin ƙarin kuzari mai tsada, ni kuwa dabino da ƙuli-ƙuli da ayaba sun ishe ni, sai kunun zaƙi in an tsaya a Dabai. Ɗan gishiri kaɗan cikin gora ɗaya na mayar da abin da gumi ya kwashe. A jakar ƙarƙashin sirdi a samu tub guda, kayan faci, ƙaramin famfo da sifana, kuma ka koyi cire taya a tsakar gida, kada ranar farko ta zama a bakin daji.

Da ka dawo, goge sarƙa da tsumma da ɗan kalanzir, ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan ka share ragowar. Baƙin man inji da wasu ke lafta mata ƙurar hunturu yake kamawa, ya zama tamkar wasa wuƙa a dutse, ya cinye haƙoran giya. Sannan ka duba robar birki. In layukan jikinta sun shafe, sauya ta kafin fita ta gaba.