Idan waya ta ƙi kama caji, duba ramin tukuna

Hunturun bara wayata ta fara yi mini wasa da hankali: sai na karkata igiyar caja na tokare ta da littafi kafin ta kama. Har na ware kuɗin sabuwar caja, sai ƙanena ya haska ramin cajin da tocila. Ashe ƙura da zaren aljihu ne suka cushe ciki.

Ga yadda na yi. Kashe wayar tukuna. Samo tsinken sakace, ka ɗan fere bakinsa ya yi siriri. Allura ko fil kam, kul! Ƙarfe yana lalata 'yan haƙoran da ke ciki. In ramin Type-C ne, wato wanda bakin igiyarsa ke shiga ko da an juya shi, akwai ɗan harshe a tsakiya. Bi gefensa sannu sannu, kana kwasowa waje, ba dannawa ciki ba. Abin da na ciro ya kai ƙwayar gero uku, har kunya ta kama ni. Kada ka hura da baki, danshi zai shiga.

In har yanzu shiru, ari igiyar wani ka gwada, don ita ke fara mutuwa kafin kan cajar. Duk sun ƙi? To sai wajen mai gyara. Mu a Kano, kasuwar waya ta Farm Centre muke nufa.